Kwalbar Kan Taga

A ƙarshen layin masu gyaran kayan gida, inda hanya take lanƙwasawa ta bi bayan tashar mota, akwai wani shago mai ƙofa biyu. Ta ƙofar hagu ake shigo da kujerun da suka gaji, ta ƙofar dama suke fita da sabuwar riga. Tsakanin ƙofofin nan wata mata take zaune bakin keken ɗinki tun tana budurwa har furfura ta rufe mata kai, shi ya sa duk layin ba mai kiranta da wani suna sai Mai Keke. Ƙanenta, wanda kowa yake kira Auta ko da yake ya haura hamsin, shi ne mai katako da guduma da soso. Ita ta yanka yadi ta ɗinka, shi ya ja ya ɗaure da ƙusa. Haka mahaifinsu ya raba musu aikin kafin ya rasu, haka kuma suka bar shi.

Akwai wani abu a cikin aikin nasu da baƙo ba zai lura da shi ba. Mai Keke ba ta taɓa yanka rigar kujera daidai da awo ba. Kullum sai ta rage kamar faɗin yatsa, wani yadin ma fiye da haka, domin ta san ƙarfin hannun Auta kamar yadda ta san nata. Idan ya dafa gwiwa a jikin katako ya ja, rigar takan zauna ɗam, ta yi shekaru ba ta saki ba. Ba su taɓa zama sun yi shawarar wannan ragi ba. Hannunta ne ya koyi hannunsa a hankali, har abin ya zama jiki.

Su uku iyayensu suka haifa: Yaya Babba, sai Mai Keke, sai Auta. Mahaifiyarsu ta rasu Auta yana rarrafe. Ciwon ciki ne ya kama ta, irin wanda yake sa mutum ya yi ta birgima, aka yi ta ba ta magani iri-iri, kowanne kamar ƙara wa wuta itace. Ƙafafunta suka daina motsi, hannuwa suka bi, daga ƙarshe numfashi ya gagara. Har aka binne ta ba wanda ya san sunan abin da ya kashe ta.

Sunan ya fito ne bayan shekaru, lokacin da irin wannan ciwo ya kayar da Yaya Babba tana gab da aure. Mahaifinsu ya lura cewa fitsarin da aka bari a farar roba a tsakar gida ya rine, ya koma kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Ya faɗa wa wani tsohon likita, yana jin kunyar maganar. Likitan ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce a maimaita masa. Bayan gwaje-gwaje ya tara su ya ce ciwon sunansa fofiriya, kuma gadonsa ake yi. Hanta ce take kasa kammala haɗa wani sinadari da jini yake bukata, ragowar kayan haɗin su taru su yi ta cizon jijiyoyi. Ya kafa musu dokoki: kada su zauna da yunwa, kada su kusanci abin maye, kada su haɗiye ko ƙwaya ɗaya ta magani sai an duba ko ta dace da masu irin jininsu. Sa'an nan ya ce, idan ciki ya fara murɗawa, su zuba fitsari a kwalba mai haske su ajiye a bakin taga. In ya rine, su taho asibiti a guje, kada su tsaya neman takalmi.

Kwalbar nan ta yi musu rana. Sau da yawa ta tayar da Mai Keke daga gida tun ciwo bai yi nisa ba, aka sa mata ƙarin ruwa mai sukari, ta kwana biyu ta dawo bakin kekenta. Auta ma ya sha nasa yana saurayi, har ƙafarsa ta hagu ta yi rauni na wani lokaci, amma ya tashi. Sun wuce shekarun da mahaifiyarsu ta kai, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya. A hankali kwalba ta zama 'yar gida. Ko ba ciwo, kowane ɗayansu yakan ajiye tasa a taga lokaci-lokaci don ya ji daɗin ganinta garau. Har gaisuwarsu ta canza. Idan Yaya Babba ta leƙo shago, kafin ta tambayi yara sai ta ce, "Me kwalba ta ce?" Auta ya amsa da ƙusa a baki, "Ta ce a gaishe ki."

Shekarun baya kaɗan Yaya Babba ta fara ramewa. Abinci ya daina yi mata daɗi, gefen cikinta na dama ya yi nauyi. Ta ajiye kwalba, kwalba ta fito fes. Ta sake ajiyewa, haka. Sai ta ce tsufa ne da gajiyar jikoki, kowa kuma ya yarda, har Mai Keke. Ba a kai ta asibiti ba sai da idanunta suka yi rawaya. Likitar da ta duba ta, wata mace mai magana a hankali, ta kira Mai Keke gefe ta ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya bazu.

"Amma kwalbarta garau take, likita," in ji Mai Keke. "Ni da idona na gani."

Likitar ta nemi a yi mata bayanin kwalbar. Da ta ji, sai ta ce, "Wanda ya koya muku wannan ya taimake ku. Sai dai kwalba labarin tashin ciwo kawai take bayarwa, shi ma ba kullum ba. A da, tashin ciwon ne yake kashe masu fofiriya tun suna matasa, kamar mahaifiyarku. Yanzu da yawansu suna tsallake wannan su tsufa. Abin da yake jiransu a gaba shi ne hawan jini, da lalacewar ƙoda, da wannan na hanta. Waɗannan ba sa rina fitsari. Duk mai irin jininku da ya kai hamsin, ya kamata a riƙa ɗaukar hoton hantarsa a kai a kai, ko da ya yi shekara ashirin bai ji ko murɗa ɗaya ba. In an gan shi yana ƙarami, ana iya cire shi."

Yaya Babba ba ta ga ƙarshen wannan shekara ba. Allah ya jiƙanta. Tun daga ranar Auta ya daina kiran Mai Keke Yaya Ƙarama, ya koma cewa Yaya kawai, kuma duk lokacin da ya faɗa sai ta ji guntun da ya ɓace.

Ana gama zaman makoki Mai Keke ta kai kanta asibiti. Hantarta lafiya lau, amma jininta ya hau, ƙodarta kuma ta fara gajiya. Aka zaɓo mata maganin da ya dace da ita, ta rage gishiri, ta riƙe ranakun komawa kamar yadda take riƙe ranar da ta yi wa mai kujera alkawari. Sai ta juya kan Auta.

Da farko lallashi ta yi. Ya ce aiki ya yi yawa. Ta bari aiki ya ragu, ya ce ai bai ji komai ba. Ta bi ta wajen matarsa, wadda har yau take kira Amarya ko da yake babban ɗansu ya fara gemu.

"Yaya, na yi magana har bakina ya gaji," in ji Amarya. "Da na ɗauko zancen sai ya nuna mini taga."

Wata rana aka kawo wata kujera mai kyan gani, mai ita ya ce yadi kawai za a canza. Auta ya kifa ta kamar yadda yake yi wa kowace kujera, ya farke ƙyallen ƙasa, ya ƙwanƙwasa katakon, gari ya zubo. Ƙwari sun cinye cikinsa. Bayan mutumin ya tafi Mai Keke ta ce, "Ka ga? Da ka tsaya kallon yadi..."

"Yaya, ni ba kujera ba ne," in ji shi. "Kuma ba wanda zai kifa ni."

Ta yi dariya duk da ranta a ɓace yake. Washegari ta zo shago kamar kullum, ta share wurinta, ta zuba wa keke mai, ta ɗauko wani tsohon zane ta lulluɓe shi. Ta jawo benci ta zauna kusa da shi ta harɗe hannuwa.

"Keken ya lalace ne?" Auta ya tambaya.

"Lafiyarsa ƙalau. Hutu yake yi. Ranar da ka dawo daga hoton hanta, ranar zai tashi."

"Wasa kike."

"Ka taɓa ganin na yi wasa da keke?"

Ya ɗauka kwana ɗaya za ta yi ta gaji. Bai san ta shirya ba. Kullum takan zo da sassafe, ta zauna har a tashi. Da rana ta yi tsaka sai ta ɗora masa abinci a kan teburin aikinsa, ta tsaya a kansa har ya ci, domin ta san yunwa tana iya tayar masa da tsohon ciwo, ita kuma ba wannan take nema ba. Kujeru suka yi ta taruwa a ƙofar hagu, an gyara katako, an sa sabon soso, suna tsaye tsirara. Auta ya gwada ɗinki da kansa, rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mai gyaran fanka na maƙwabta ya shigo ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya kai awo wurin wani tela a layin baya. Telan ya yi aiki mai tsabta, ya yanka daidai da abin da aka ba shi, amma da Auta ya ja da ƙarfin da ya saba, rigar ta wuce wurinta ta yi jaka a baya. Ya ce a rage, telan ya tambaye shi nawa. Auta kuwa bai taɓa sanin nawa yayarsa take ragewa ba.

Masu kujeru suka fara zuwa cigiya. Mai Keke takan tarbe su da fara'a ta ba su haƙuri, ta ce keke yana jiran ƙanenta ya je asibiti. Kafin mako ya zagayo duk layin ya sani. Mai sayar da fenti ya ce zai kai shi a babur ɗinsa, wata tsohuwa mai kujera uku a shagon ta ce in tsoron allura yake ji za ta riƙe masa hannu. Auta ya jure har ranar da ya kasa. Ya jira shago ya yi shiru, ya jefar da guduma.

"Kin tona mana asiri a bakin titi! Abin da Baba ya rufe shekara da shekaru."

"Baba ciwon ciki ya rufe, don kada a ƙi auren 'ya'yansa. Mun yi aure, mun haihu. Yanzu me ake rufewa?"

"Yaya Babba da ƙafarta ta shiga asibitin nan. Da me ta fito? Da ranar mutuwarta a hannu. Wata nawa ta yi tana kallon rufin ɗaki tana jira? Ni in akwai abu a cikina, a bar ni da shi. Gara ya same ni ina riƙe da guduma."

Mai Keke ta juyo ta dube shi. Wannan ne karo na farko da ya faɗi gaskiyar abin da ke ransa, ta kuma san ba rashin hankali ba ne.

"Ta shiga a makare, Auta," ta ce. "Ni da kai muka makarar da ita, muna tsaye bakin taga muna cewa garau. Na binne uwa ban san sunan ciwonta ba. Na binne yaya na san sunan amma ban san halinsa ba. Yanzu na san suna, na san hali. Ba zan zauna ina ɗinka wa mutane rigar kujera ina jiran idonka ya yi rawaya ba."

Auta ya sunkuya. Ya ɗauki gudumarsa ya ci gaba da bugun katakon da ba ya bukatar bugu.

A cikin kujerun da ke tsaye tsirara akwai wadda ta fi damun su duka biyun. Kujerar Yaya Babba ce, mai faɗin hannu, wadda take zama a kai tana tsefe wa jikoki kai. 'Yarta ta fari, wadda take koyarwa a makarantar yara har dangi suke kiranta Malama, ita ta kawo ta a sabunta domin ta ajiye a ɗakinta. Auta ya yi wa katakon aikin da bai taɓa yi wa kujerar kowa ba. Ita ma Malama ta gaji ciwon, an tabbatar tun tana makaranta.

Wata ranar da ta tashi daga aiki da wuri, Malama ta biyo ta ga ko an gama. Ta tarar da keke a lulluɓe, innarta a benci, kawunta yana cika yana batsewa. Mai Keke ta faɗa mata dalili a taƙaice. Malama ta zauna a kan soson kujerar uwarta tana matsa goshi da yatsu.

"Inna, ki bar Kawu ya huta mana," ta ce. "Ni ma ai na daina zuwa. Layin asibitin nan sai ya cinye wa mutum yini guda."

Mai Keke ta juyo. "Kin daina zuwa awon jinin? Tun yaushe?"

"Tun bara. Kaina ne kawai yake ɗan sarawa da yamma, shi ma hayaniyar yara ce. Kwalbata garau take."

Auta ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ke, wace irin magana ce wannan? Ciwon kai kullum, ga jinin gidanmu, ki ce kwalba? Kwalba tana auna hawan jini ne? Wane sakarai ne ya gaya miki haka?"

Malama ta dube shi da mamaki. "Kai ne, Kawu. Ranar da na kawo kujerar nan. Ka ce muddin kwalba ba ta rine ba, likita ba shi da abin faɗa mana."

Mai Keke ta dubi ƙanenta. Auta ya dubi Malama, ya dubi kujerar da take zaune a kai, ya goge hannuwansa a jikin riga ko da yake ba abin da ya taɓa.

"Gobe kina da aji da safe?" ya tambaye ta.

"Ina da shi."

"Ki nemi wani ya riƙe miki. Ni da ke za mu je. Ki yi naki, in yi nawa." Ya juya wajen benci ba tare da ya haɗa ido da yayarsa ba. "Ke kuma ba sai kin bi mu ba."

"Zan bi," in ji Mai Keke. "Na san ka da ƙofar baya."

Su uku suka je. Jinin Malama ya hau sosai, aka ɗora ta a kan magani tun ƙodarta ba ta taɓu ba. Auta kuwa ya kwanta aka shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, mai ɗaukar hoton ya yi ta yawo da na'urarsa, sai ya tsaya a wuri ɗaya ya daɗe. Mai Keke tana bakin ƙofa, ta ga tsayawar. Aka sake wani hoton mafi zurfi, aka ɗebi jini. Likitar nan mai magana a hankali ta zaunar da su ta ce akwai ƙari a hantar, ƙarami, bai kai ƙwan tantabara ba, kuma bai je ko'ina ba.

"Kin gani ko?" Auta ya ce wa yayarsa. "Abin da nake gudu ke nan."

"Na gani," ta ce. "Ita ma likita ta gani. Na Yaya Babba ba wanda ya gan shi yana wannan girman."

Aka yi masa aiki aka yanke wurin. Ya sha jinya, ya rame, ya yi wa Amarya rigima a kan kowane cokali. Likitar ba ta yi musu alkawarin cewa abin ba zai dawo ba. Ta ce za a riƙa dubawa sau biyu a shekara har iyakar rayuwarsa. Mai Keke ta yaye zanen keke tun ranar da aka ɗauki hoton farko, kamar yadda ta ce, ta ɗinke rigunan kujerun da suka taru, mai gyaran fanka da wani kafinta suka taimaka aka ɗaura su yadda ya samu. Kujerar Yaya Babba kaɗai ta hana a taɓa. Kwalbar ma ba ta jefar ba. Tana nan a taga domin ranar murɗar ciki, aikin da aka ba ta tun farko.

Ranar da Auta ya dawo shago, ta miƙa masa rigar kujerar, yadi mai ruwan ganye da Malama ta zaɓa. Ya dafa gwiwa a jikin katako ya ja. Rigar ta tsaya, saura kamar faɗin yatsa ta kai bakin katako. Ya sake ja, ya saki, ya dafe gefen cikinsa inda ɗinkin likita yake.

"Kin rage da yawa," ya ce.

"Yadda na saba na rage. Hannun ne ba na da ba."

Ya tsaya yana kallon hannuwansa. Mai Keke ta karɓi rigar, ta zauna, ta ɗauki reza ta fara farke ɗinkin baya a hankali don kada yadin ya ji rauni. Ta saki kaɗan daga abin da ta naɗe a ciki, ta mayar ƙarƙashin allura, keke ya yi ƙararsa. Ta yanke zare da haƙori ta miƙa masa.

"Za mu sake koyo," ta ce. "Wata mai zuwa kuma ɗanka na fari zai je a gwada jininsa, kai za ka kai shi. Ja mu gani."

Ya dafa gwiwa ya ja.